Hanyoyin Rage Raɗaɗin Gyambunan Baki ga Yara Masu Karɓar Maganin Ciwon Daji

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan wata matsala guda wadda takan sami yaran da ake yi wa maganin ciwon daji, watau gyambunan da ke fita a cikin bakinsu bayan an sa musu magungunan kashe ƙwayoyin daji, da kuma hanyoyin da ake bi a rage raɗaɗin waɗannan gyambuna. Magungunan nan su ne likitoci ke kira kemoterafi, mu kuwa za mu riƙa ce musu kemo a taƙaice, kamar yadda ake faɗa a asibitoci.

Wani daga cikin mahalarta wannan taro zai iya cewa, ina amfanin tsayawa a kan gyambon baki alhali yaron yana fama da abin da ya fi gyambo muni? Amsa ita ce, sau da yawa ta wannan ƙaramar ƙofa ce babbar asara take shigowa. Yaron da bakinsa ya saluɓe ba ya ci, ba ya sha, ba ya ko iya haɗiye miyaunsa. Likita yakan ga tilas ya jinkirta zagaye na gaba na kemo, ko ya rage ƙarfinsa. Iyaye kuwa, in suka ga ɗansu ya shiga asibiti yana cin tuwo, bayan mako guda ya koma ko ruwa ba ya wuce masa, sukan yanke hukunci cewa maganin ne zai kashe shi, su naɗe tabarmarsu su koma gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000, daga haihuwa zuwa shekara 19, suke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ɗaura aniyar kai wannan adadi kashi 60 a duniya baki ɗaya kafin 2030. Barin magani a tsakiyar hanya yana cikin manyan dalilan wannan rata, ciwon da ba a kashe ba kuwa yana cikin abubuwan da ke sa a bar magani.

2.0 Yadda Gyambunan Suke Aukuwa

Matsalar ta zo ne tare da maganin tun ranar farko. A 1948 Sidney Farber da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka suka ba da rahoton yara 16 masu sankarar jini da suka yi wa allurar aminofterin, 10 daga cikinsu suka sami sauƙi na ɗan lokaci. A cikin rahoton nan nasu sun ambaci gyambon baki cikin illolin maganin. Metotireksit, wanda ya gaji aminofterin, har yau shi ne kan gaba wajen saluɓe bakin yara. Bayansa akwai sitarabin da dokzorubisin da etofosid da melfalan da fuloroyurasil.

Wannan ya shafe mu kai tsaye ta hanyar ciwon nan na Burkitt, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Kampala a 1958. Ciwo ne da ya yawaita a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma yakan kama muƙamuƙin yaro ya kumbura shi har haƙora su yi girgiɗi. A shekarun 1960 Victor Ngu ya yi aikin jinyarsa da kemo a Ibadan, har ya kasance cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt kansa. Tsarin da ake bi yanzu wajen maganin wannan ciwo ya ƙunshi metotireksit. Ke nan yaron da ke ɗauke da shi ga baki da kumburi ya riga ya ɓata, ga kuma maganin da zai ƙara masa gyambo a kai.

Dalilin aukuwar abin ba shi da wuyar fahimta. Kemo yana farautar ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa, ba ya kuwa bambanta na daji da na lafiya. Lallausar fatar da ta lulluɓe cikin baki takan sabunta kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, saboda haka tana cikin sahun farko na waɗanda za su ji jiki, tare da ɓargo da saiwar gashi da bangon hanji. Da can a nan bayanin yake tsayawa. A 2004 Stephen Sonis ya nuna cewa al'amarin ya fi haka zurfi, ya kasa shi mataki biyar. Tun sa'ad da maganin ya shiga jini ɓarnar take farawa a ƙarƙashin fata, ido ba ya ganin kome. Daga nan ƙwayoyin da suka ji rauni su saki sinadaran kumburi, waɗannan sinadarai su kuma su tayar da wasu irinsu, abin ya riƙa ruruwa kamar wutar daji a cikin kaka. Sai a mataki na huɗu fatar take ɓarkewa gyambo ya bayyana, ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki su faɗa ciki su ƙara iza wutar. Na biyar shi ne warkewa.

Abin da ya kamata mai jinya ya riƙe daga wannan bayani shi ne lokaci. Baki yakan fara ja da zafi wajen kwana 5 zuwa 7 bayan sa maganin, gyambo ya fito wajen kwana 7 zuwa 10, ya warke cikin mako na biyu zuwa na uku, galibi daidai da sa'ad da fararen ƙwayoyin jini suka fara farfaɗowa. Sau da yawa, ashe, yaro yana gida ne lokacin da abin zai tsananta. Uwar da aka gaya mata wannan tun kafin a sallame su, ranar da gyambon ya fito za ta ce abin da aka faɗa ne ya zo, kuma an ce zai wuce. Wadda ba a gaya mata ba ita ce za ta fara neman wanda ya yi wa ɗanta sammu.

Wurin da gyambon ya fito shi ma yana da magana. Na kemo yakan kama wurare masu taushi, watau cikin kumatu da cikin leɓɓa da ƙarƙashin harshe da gefensa da can ƙarshen ganɗa. In aka ga gyambo a kan dasashi ko a tsakiyar ganɗa mai tauri, to, akwai zaton wata cuta ce dabam ta samu shiga. Game da yawan aukuwarsa, alƙaluman da masana suka fi ambatawa su ne kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na masu karɓar kemo na yau da kullum, da kimanin kashi 80 na waɗanda ake ba kemo mai ƙarfi domin dashen ɓargo. Tamowa tana ƙara tsananta shi, wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne a wurinmu, inda yara da yawa suke isa asibiti a rame.

3.0 Auna Ciwon

Tun 1979 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ma'auni mai hawa huɗu, wanda kyaunsa shi ne ya dogara a kan abin da kowa zai iya gani. A hawa na 1 baki ya yi ja yana zafi, babu gyambo. A na 2 gyambo ya fito amma yaro yana iya cin abinci mai tauri. A na 3 sai ruwa-ruwa kaɗai. A na 4 babu abin da ke wucewa ta baki. Uwa ma tana iya amfani da shi, domin ta fi kowa sanin ko ɗanta ya ci.

Sai dai wannan ma'auni na gyambo ne, ciwon kuwa sai an tambayi mai shi. A nan ne al'adarmu take shigowa. Muna tarbiyyar yaro, musamman namiji, a kan dauriya. Tun yana ƙarami yake jin cewa kuka na mata ne, kuma kunya ba za ta bar shi ya kai ƙara gaban baƙo mai farar riga ba. In likita ya ce masa "Yaya jiki?" amsar da aka koya masa guda ce, "Da sauƙi." Wannan gaisuwa ce, amma akan rubuta ta a takardar asibiti kamar rahoto. Mu a ganinmu tambayar ce take bukatar gyara. Hausa tana da kalmomin da suka rarrabe ciwo: akwai zafi, akwai raɗaɗi irin na ƙuna ko na barkono a miki, akwai zogi mai bugawa, akwai suka. Yaron da aka tambaye shi ko bakinsa raɗaɗi yake yi ko zogi, ko kuma ciwon yana tashi ne sa'ad da zai haɗiye miyau, ya sami hanyar faɗin gaskiya ba tare da ya ji ya yi raki ba.

Ga yaron da ya kai shekara 4 zuwa sama akwai ma'aunin fuskoki shida, wanda aka sake wa fasali a 2001, inda yaro zai nuna fuskar da ta yi daidai da abin da yake ji. Ga ƙanana da ba su iya bayani ba akwai wanda aka tsara a Jami'ar Michigan a 1997, mai duba abu biyar: yanayin fuska, motsin ƙafafu, yadda yaro yake kwance ko yake mutsu-mutsu, kuka, da ko lallashi yana tasiri. Kowanne ana ba shi maki 0 zuwa 2, jimla 10. A haɗa da lura da dalalar miyau da ƙin buɗe baki. Yaron da ya yi tsit ya juya fuska ga bango, bai kamata a ɗauka ya sami sauƙi ba, domin ciwon da ya daɗe yakan kashe kuka.

4.0 Tsabtar Baki da Abinci

Mataki mafi arha shi ne tsabta, shi ne kuma aka fi yin sakaci da shi. In hali ya yi, likitan haƙori ya duba yaro kafin a fara kemo, a gyara ruɓaɓɓen haƙori tun jini yana da ƙarfi. Ciwon Burkitt dai ba ya jira, domin kumburinsa yana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka a nan sai a fara magani, dubawar ta biyo baya.

A riƙa wanke haƙora sau biyu a rana da buroshi mai taushi ƙwarai, wanda aka ƙara tausasa shi da ruwan ɗumi. Asuwaki, duk da amfaninsa ga mai lafiya, yana iya soke dasashin yaron da ƙwayoyinsa na daskarar da jini suka yi ƙasa, har jini ya ƙi tsayawa. In buroshi ya gagara, sai a naɗa bandeji mai tsabta a yatsa a goge a hankali. Kurkurar baki kuwa a yi ta sau huɗu zuwa shida a rana da ruwan da aka tafasa ya huce, lita ɗaya a zuba ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali na bekin soda, a haɗa sabo kowace rana. Kada a ce kanwa za ta maye gurbin sodar. Ta fi ta kaifi, kuma ba a san abin da ke gauraye a cikinta ba. Ruwan kurkure baki na kanti mai ɗauke da barasa ƙona gyambo yake yi. Kulohegzidin yana rage dattin haƙori a kwanakin da ba a iya sa buroshi, amma bincike bai nuna yana hana gyambon fita ba, yara da yawa kuma suna ƙin sa saboda raɗaɗi. Leɓɓa a shafa musu man da zai hana su tsagewa.

Wajen abinci, abokan gaba uku ne: zafi da yaji da tsami. Kunun da aka sauke daga wuta sai ya huce sarai. Kunun tsamiya da zoɓo da lemon tsami da koko mai tsami a dakata da su, haka nan ƙuli-ƙuli da soyayyen abu mai kaushi. Kunun gyaɗa mai sanyi, dafaffen ƙwai, ayaba, dankalin da aka dama, fate marar yaji, madarar da aka tafasa, waɗannan su ne abin dogaro, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Nonon da ba a san yadda aka sarrafa shi ba haɗari ne ga yaron da garkuwar jikinsa ta faɗi. Mai shan mama a ci gaba da ba shi. Wata dabara mai sauƙi ita ce a daidaita lokacin maganin ciwo da na abinci, a ba shi maganin kimanin rabin awa kafin a kawo kwano.

5.0 Abubuwan da Ake Sawa a Baki

Magungunan kashe wuri, irin su lidoken, suna ba da sauƙi na ɗan gajeren lokaci, amma ga ƙananan yara da sharaɗi. Yaron da bai iya furzarwa ba zai haɗiye, gyambo kuma yana tsotse magani fiye da lafiyayyar fata. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi kakkausan gargaɗi a kan ba jarirai lidoken mai kauri, bayan rahotannin jijjiga da mutuwa. A 2018 ta hana amfani da benzoken ga 'yan ƙasa da shekara 2, domin yana iya hana jini ɗaukar iskar shaƙa. In za a yi amfani da lidoken, likita ya auna, a ɗiga a kan gyambon kansa da auduga, kada kuma a ba yaro abinci nan take, don maƙogwaron da ya mutu yana sa ƙwarewa.

Ƙanƙara tana da hujja mai ƙarfi, amma a wuri ƙayyadadde. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 1991 ya nuna cewa tsotsar ƙanƙara na minti 30 a daidai lokacin allurar fuloroyurasil tana rage gyambo. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jinin baki, maganin da zai isa wurin ya ragu. Wannan yana aiki ne ga maganin da ake sawa cikin ɗan lokaci kuma ya bar jini da sauri. Ƙa'idojin da ƙungiyar masu jinyar dajin yara ta lardin Ontario a Kanada ta sabunta a 2021 sun ƙarfafa yin haka ga yara manya masu ba da haɗin kai, waɗanda za a sa wa melfalan ko fuloroyurasil na ɗan gajeren lokaci. Metotireksit mai yawa kuwa yakan kwana yana yawo a jini, ba kuma yaron da zai riƙe ƙanƙara a baki kwana biyu. Kariyarsa ita ce wadataccen ƙarin ruwa, da kula da ƙoda, da ba da maganin ceto mai suna lukoborin a kan lokacinsa ba tare da jinkiri ba. Bayan gyambo ya fito, sanyi yana kwantar da raɗaɗi, muddin ruwan da aka daskarar tafasasshe ne. Ƙanƙarar da ake sayarwa a bakin titi ba ta cikin wannan magana.

Ƙa'idojin nan na 2021 sun kuma amince da haska wa cikin baki jan haske marar zafi, mai tsawon zango tsakanin nanomita 620 da 750, ga yaran da za a yi wa dashen ɓargo. Na'ura ce da ke bukatar kuɗi da horo. Falifamin, wanda a gwajin 2004 ya rage gyambo mai tsanani daga kashi 98 zuwa kashi 63 a manya masu dashen ɓargo, ƙa'idojin ba su yarda a riƙa ba yara shi haka kawai ba. Har cingam an gwada a kan yara a Faransa, da zaton yawan miyau zai wanke maganin, bai hana gyambo mai tsanani ba.

Saura zuma, wadda muka san ita ce za a fi tambaya. Wani gwaji da aka yi a Alƙahira, aka buga a 2012, a kan yara 90 masu sankarar jini, ya nuna gyambo ya fi saurin warkewa ga waɗanda aka shafa wa zuma. Gwaje-gwajen da aka yi da zumar manuka a kan manya a Ingila da Kanada kuwa ba su nuna wani amfani ba. Hukuncinmu shi ne, zuma mataimakiya ce mai arha wadda iyaye suka riga suka yarda da ita, kuma wannan yarda kanta abin amfani ce, domin uwa tana so a ba ta abin da za ta yi da hannunta. Amma ba za ta ɗauke ciwon hawa na 3 ko na 4 ba. Ba a ba jaririn da bai cika wata 12 ba saboda wata guba mai shanye jiki da ƙwayoyin cikinta ke iya haifarwa. Ta kasance mai tsabta, da sanin likita, a kuma kurkure baki daga baya don haƙora.

6.0 Magungunan Kashe Ciwo

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsaninta mai hawa uku na maganin ciwo, kodin yana hawa na tsakiya. Ga yara wannan hawa ya rushe. Kodin ba ya aiki sai hanta ta juya shi ya zama mofin, mutane kuwa sun bambanta a wannan juyi. Wani hantarsa ba ta juyawa, ya sha a banza. Wani tana juyawa da gaggawa har numfashinsa ya tsaya, kuma irin waɗannan sun yawaita a Habasha da Arewacin Afirka. Saboda haka Turai ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 12 kodin domin ciwo a 2013, Amurka ta hana shi tare da tiramadol a 2017. Abin da ya rage hawa biyu ne, farasitamol ga ciwo mai sauƙi, mofin ga matsakaici da mai tsanani.

Farasitamol ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 15 ga kowane kilo, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. Yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 300 ke nan. Aibinsa a nan shi ne yana ɓoye zazzaɓi, don haka wajibi ne a auna zafin jiki kafin kowane sha. Ibufurofen da danginsa, waɗanda ake saye a kowane kemis ba tare da takarda ba, suna da haɗari biyu ga waɗannan yara: suna ƙara zubar jini, suna kuma hana ƙoda fitar da metotireksit, maganin ya taru gyambon ya ƙaru. Asfirin ba na yara ba ne tun asali. Allurar tsoka a guje ta, domin ciwo ce a kan ciwo kuma jini yana iya taruwa a wurin. Maganin matsawa ta dubura shi ma ba a yi wa yaron da fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi.

Mofin shi ne ginshiƙi, a kansa ne kuma muke so mu daɗe. Ga yaron da ya wuce shekara ɗaya likitoci sukan fara da kimanin miligiram 0.2 ga kowane kilo ta baki, kowace awa huɗu, su ƙara gwargwadon yadda ciwon ya amsa. Jarirai ana ba su ƙasa da haka tare da sa ido sosai. Awa huɗun nan ita ce tsawon aikin maganin a jiki, don haka bisa agogo ake ba da shi, dare da rana. Jira sai yaro ya yi kururuwa kafin a ba shi yana sa a bukaci magani fiye da wanda da an ba shi a kan kari. In haɗiya ta gagara, sai a koma ta jijiya. Taurin bayan gida yana biyo mofin kusan kullum, sai a haɗa da mai sassauta ciki tun ranar farko. Gyangyaɗi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne yaron da ya ƙi farkawa ko numfashinsa ya yi ƙasa, wannan kuwa akwai makarinsa, watau nalokzon. In an yi kwanaki ana sha, a janye shi sannu a hankali.

Me ya sa, to, yara suke kwana suna kuka alhali maganin tsoho ne kuma mai arha? Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa daga cikin tan 298.5 na mofin da danginsa da ake rarrabawa a duniya kowace shekara, tan 0.1 kacal yake isa ƙasashe mafiya talauci. Ban da ƙarancin kaya akwai tsoro, kuma tsoron namu yana da tushe. Mun ga abin da maganin tari mai kodin da tiramol suka yi wa samari da matan aure a garuruwanmu, har Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta hana haɗa maganin tarin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Uban da ya ga wannan ɓarna da idonsa, in aka ce za a ba ɗansa ɗan shekara shida mofin, dole gabansa ya faɗi. Wani kuma yana ɗauka mofin na wanda aka fid da rai da shi ne.

Aikin mai bayani ne ya raba masa abu biyu da suka yi kama. Akwai sabon jiki, wanda shi ne dalilin janye magani a hankali, yana kuwa faruwa da magunguna da yawa. Akwai kuma jaraba, watau mutum ya riƙa neman ƙwaya don maye ko da tana hallaka shi. Yaron da aka ba mofin na kwana bakwai ko goma, bisa awo, don gyambon da zai warke, da wuya ƙwarai ya faɗa cikin ta biyu. Da bakinsa ya warke shi da kansa zai nemi tuwo ya manta da kwalbar.

Uganda ta nuna cewa talauci ba hujja ba ne. A 1993 likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa cibiyar jinyar masu ciwo mai tsanani a Kampala, aka riƙa dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalabe, a sa masa launi gwargwadon ƙarfinsa don kada a rikita. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman ikon rubuta shi, saboda likitoci ba su isa ko'ina ba.

Ba ma so a fahimci cewa magani kaɗai ne ke rage ciwo. Goyo da rungumar uwa, tatsuniya, wasa, da barin yaro ya riƙe buroshinsa da kansa, duk suna rage fargaba, fargaba kuwa tana ƙara ciwo. Ɗalibanmu na kwalejojin ilmi da za su koyar a firamare za su haɗu da irin waɗannan yara sa'ad da suka komo aji tsakanin zagaye da zagaye. Ya kamata su san cewa gyambon ba ya yaɗuwa, kada a ware wa yaro kofi ko a raba shi da abokansa saboda shi.

7.0 Alamun Haɗari

Kwanakin da gyambo ya fi tsanani su ne kwanakin da fararen ƙwayoyin jini suka fi ƙaranci. Ƙofa a buɗe ke nan, masu gadi kuma ba sa nan, ƙwayoyin cutar baki suna iya zarcewa cikin jini su kashe yaro cikin sa'o'i. Zafin jiki da ya kai digiri 38 a wannan lokaci na gaggawa ne, ko da tsakar dare. A asibiti ana so a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda. A gwada jini don zazzaɓin cizon sauro, amma kada a ce shi ne kawai a zauna a gida ana shan maganinsa. Haka nan in yaro ya yini bai yi fitsari ba, ko baki yana zubar da jini, ko ya kasa shan ruwa sam, a koma da shi, domin yana iya bukatar ƙarin ruwa ko ciyarwa ta siririn bututun hanci.

Farin abu kamar kindirmo da ke manne a harshe da kumatu alamar kandida ce, wadda dangin funfuna ce, ana maganinta da nistatin ko fulukonazol. Ƙananan ƙuraje a tare a leɓe ko dasashi, ko gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, suna nuni ga bairos ɗin hafis, maganinsa asaikulobir. Duka biyu suna ƙara ciwo, mofin kuma ba zai kawar da su ba.

Akwai kuma wani haɗari. A wurinmu, in yaro ya kasa haɗiya yana dalalar miyau, abin da ke fara zuwa zuciyar kakarsa shi ne belu ya sauko, a kira wanzami. Yaron da ke kan kemo jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata, jikinsa kuma ba ya iya yaƙi da cutar da aska za ta shigar. Cire belu, ko tsaga, ko ƙaho, ko cire haƙori a gida, kowannensu yana iya zama ajali. Wannan gargaɗi ya kamata a yi shi da Hausa, a fili, ranar sallama, a gaban uba da kaka da duk wanda ke da ta cewa a gidan, domin galibi uwar da ta kwana a asibiti ba ita ke yanke shawara ba in an koma gida.